Hawan Dutsen Riruwai da Motar da ta Mutu a Hanyar Falgore



Riruwai tana ƙaramar hukumar Doguwa, can kudancin jihar Kano, kuma duwatsunta ne suka fi tsawo a jihar. Tun kafin zamanin Turawa ake haƙar kuza a wurin. Mai zuwa daga Bagauda zai bi titin Jos, ya ratsa yankin Tudun Wada, sannan ya shiga dajin Falgore. Kogin Kano ta cikin dajin nan yake bi ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974.

Lokacin da ya fi dacewa da hawan dutse shi ne kaka. Ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba, sai mutum ya hango gonakin dawa har iya ganinsa. Amma ciyawa ta yi tsawo, macizai suna ɓuya a ciki. A sa takalmi sau ciki, ban da silifa. A riƙi sanda da ruwan sha, a nemi ɗan gari ya yi jagora. Inda dutse ya yi gansakuka kada a taka, santsi gare shi. Saukowa ma ta fi hawa wuya, gwiwa har rawa take yi.

A tafiyar da kulob ɗinmu ya yi, muna dawowa bayan la'asar muka tarar da wata mota a gangare, murfin injin a buɗe, tururi yana tashi. Direbanmu ya ɗan yi jim, domin kowa ya san labarin 'yan fashi a dajin. Sai da ya hangi mata da jariri a gefen titi ya tsaya. Malaminmu ya sauka ya ce, "Sannu Baba, me ya same ta?" Dattijon ya ce ruwan lagireto ne ya ƙare.

Abin farko da aka yi, an sa dutse a bayan tayoyi don kada motar ta gangara. Mu kuma aka ce mu karyo ganye mu jera a nesa da motar, masu tahowa su gani su rage gudu. Wani yaro ya kai hannu zai buɗe murfin lagireton, direbanmu ya daka masa tsawa. Dalili kuwa, ruwan ciki ya fi tafasasshen ruwan tukunya zafi, da an buɗe zai yi tsartuwa ya ƙona fuska. Sai da injin ya huce aka buɗe da tsumma, aka zuba ruwan jarkarmu a hankali.

Idan abin ya fi ƙarfin masu taimako, ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122. Mu dai motar ta tashi. Muka kwashe ganyen da duwatsun daga titi, muka bi bayanta har ta fita daga dajin kafin magariba.