Rabuwar Aure Da Rabon Kaya: Kowa Ya Ɗauki Nasa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, saki halal ne, amma abin da ke biyo bayansa ya sha jefa bayin Allah cikin haram. Mutum zai yi shekaru yana tsare sallah da wuridi, ranar da aurensa ya mutu sai fushi ya sa ya riƙe akuyar matarsa ko ya kore ta da dare. Darasin yau ya tsaya ne kan yadda ake rabuwa ba tare da wani ya tafi da haƙƙin wani ba, bisa mazhabar Imamu Malik.

Asalin hukunci

Ɗaurin aure ba ya haɗe dukiyar miji da ta mata. Abin da kowa ya mallaka kafin aure, ko ya samu da sana'arsa, ko ya gada, nasa ne. Sadaki na mace ne gaba ɗaya idan an tare; idan an sake ta kafin tarewa kuma an ambaci sadakin, rabi ne nata, kamar yadda aya ta 237 ta Suratul Baƙara ta bayyana. Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata, da awakinta, da kuɗin adashinta, da ribar ƙuli-ƙuli ko man gyaɗar da take yi, duk ba su shiga hannun miji. Shi ma gonarsa da shagonsa da gidan da ya gina da kuɗinsa suna nan nasa.

Idan suka yi jayayya kan kayan cikin gida kuma babu shaida, malamai sun hukunta da al'ada: abin da aka san mata da shi na mace ne bayan ta rantse, sauran kuma na miji ne bayan ya rantse. Wannan yana cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil.

Zaman idda

Aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta lokacin idda, ta kuma hana ta fita. Wadda aka yi wa sakin kome tana da ci da sha da tufa da wurin zama har iddarta ta cika. Wadda sakinta ya yanke tana da wurin zama, idan kuma tana da ciki ciyarwa ma ta wajaba har ta haihu. Don haka abin da aka saba gani a garuruwanmu, a miƙa wa mace takarda ta kwashe kaya ta tafi gidansu a ranar, ya saɓa wa nassi ko da ita ce ta so hakan.

Gumin mace a cikin gidan miji

Nan ne zalunci ya fi ɓuya. Mace ta sayar da tumakinta ta ba da jaka 300 aka sayi kwanon rufi. Wata ta yi shekara goma tana zuba geron gamanarta a tukunyar gida duk sanda rumbun miji ya ƙare. Takardar fili tana ɗauke da sunan miji, shaida babu, domin mata da miji ba su cika kiran shaidu ba.

Idan rance ta ba shi, bashi ne, sai ya biya. Idan tarayya suka yi, tana da kaso gwargwadon abin da ta zuba, a kimanta shi da farashin ranar rabuwa. Idan kyauta ta yi don zaman ya ɗore sai ya sake ta ba da jimawa ba, malaman Malikiyya sun ba ta damar karɓar abinta. A ƙarni na 10 na Hijira, Ibnu Ardun, wani malami a arewacin Maroko, ya yi fatawar ba matan karkara kaso daga amfanin da suka yi wa aiki, ko da yake wasu malaman Fas ba su bi shi a kai ba. Banda wannan akwai mut'a, kyautar sallama da miji ke bayarwa daidai ƙarfinsa don sanyaya zuciya. Mustahabbi ce a mazhaba, kuma an kusa mantawa da ita.

Ƴaƴa ba kayan rabo ba ne

Reno haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. Idan uwar ta auri bare, renon ya koma ga mahaifiyarta. Ci da tufa da magani da kuɗin karatu kuwa suna kan uba duk inda yaran suke. Wanda ya ƙwace yaro don ya ƙona zuciyar uwar, ko ya hana abinci don yaron yana hannunta, ɗansa ya cuta.

Abin da alƙali ba ya gani

A Nijar ana fara kai irin wannan magana gaban dattawa, ko malamai, ko fadar sarki don sulhu, kafin a kai ga kotu. Dukansu da zahiri suke hukunci. Hadisin Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, ya yi gargaɗi cewa wanda ya ci shari'a da iya baki alhali haƙƙin ba nasa ba ne, wuta ya yanko wa kansa. Malaman tarbiyya sun haɗu kan cewa tuba daga haƙƙin bayi ba ta cika sai an mayar wa mai abu abinsa ko ya yafe da daɗin rai. Istigfarin safe da yamma ba ya biyan jaka 300 ta tsohuwar mata.

Saboda haka muridi na gaskiya zai zauna shi kaɗai kafin a je gaban kowa, ya lissafa abin da ya shigo hannunsa daga wajen abokin zamansa, ya rubuta, ya kira shaidu biyu, ya biya. Abin da ya yi shakka a kansa ya bar wa ɗayan. Mace ma haka: kada ta ɓoye kuɗin da aka ba ta ajiya, kada ta haɗa da kayan da ta san ba nata ba ne.

Allah Ya daidaita tsakanin ma'aurata, Ya wadata waɗanda suka rabu daga falalarSa, Ya raba kowa da haƙƙin wani kafin ranar hisabi. Allah ne Mafi sani.