Mu Leƙa Makarantar 'Ya'yanmu

Jama'a 'yan aji, ga shi yanzu mun fara iya karatu da rubutu, har muna haɗa lissafi. To, yau za mu ɗauki wannan ilmi mu tafi da shi makarantar firamare ta garinmu, inda 'ya'yanmu suke wuni. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa taka ƙofarta ba, sai ko ran da aka kai yaro aka rubuta sunansa. Manomi kuwa ba ya shuka ya tafi, sai kaka ya dawo. Yakan zaga ya ga abin da ya tsiro.

Bari mu fara da ɗan tarihi. A 1909 wani Bature, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. Daga baya aka yi ta buɗe elementare a gundumomi, En'e ke riƙe da su, ana biyan malamai daga baitulmali. Yara kaɗan ne a zamanin nan, har sai hakimi ya sa dagaci ya nemo su, iyaye na ɓoyewa. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. Sai yara suka yi ta kwarara, har suka fi ƙarfin ɗakuna da malamai. Tun daga nan ake fama.

Ku dubi Fagge. Da can zango ce ta fatake da Buzaye masu zuwa da raƙuma daga arewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano sai aka kafa Sabon Gari kusa da ita, mutanen kudu suka zauna, suka gina makarantunsu na mishan. A ƙidayar 2006 an sami mutum kusan dubu 200 a ƙaramar hukumar Fagge. A aji guda a can sai ka tarar da ɗan Bahaushe, da ɗan Babarbare, da ɗan Bayarabe, da ɗan Ibo. Wahalarsu ita ce cunkoso. Makarantar ƙauye kuwa tata wahalar dabam ce. Yaran duk an san iyayensu, harshensu ɗaya, amma malamai ba su cika son zama nesa da birni ba, har malami ɗaya yakan riƙe aji biyu.

Akwai abin da ya haɗa Fagge da ƙauye. A 2008 aka fara wani shiri na gyaran makarantu mai suna ESSPIN, da taimakon gwamnatin Ingila, a jihohi 6, har da Kano da Jigawa da Kaduna. A Kano an fara gwada aikin a ƙananan hukumomi 3: Fagge, wadda ke birni, da Kumbotso ta gefen birni, da Albasu, ƙasar ƙauyuka da gonaki. Cikin abin da aka ƙarfafa har da kwamitin kula da makaranta, watau taron mutanen gari, maza da mata, da hedimasta, da masu unguwa, da malaman addini. Shirin ya ƙare, amma kwamitin yana nan bisa ƙa'ida a makarantun gwamnati. Wanda ya iya karatu a cikinmu yana da abin yi a wannan kwamiti.

In mun shiga makaranta, mu yi sallama, mu gai da hedimasta da ladabi, sa'an nan mu roƙi a nuna mana rajista. Rajista ita ce littafin da ake kiran sunan yara kowace safiya. Mu ƙirga sunaye, kana mu shiga aji mu ƙirga kawuna. Sau da yawa lissafin biyu ba ya zuwa daidai. Ran kasuwa yara sukan ragu. Da damina a kwashe maza zuwa gona, da kaka kuma a kwashe su roron gyaɗa da wake. Kada mu yi saurin zargin malami a kan wannan, gama mu ne muke kwashe su.

Mu dubi 'yan mata musamman. A aji 1 akan same su da yawa, wani lokaci kusan daidai da maza. To, mu je aji 6 mu sake ƙirgawa. Ina sauran suka tafi? Wasu talla ta ɗauke su, wasu raino, wasu an yi musu aure, wasu kuwa rashin makewayi mai sutura ne ya kore su da suka fara girma. Mu tambaya kuma ko 'ya'yan Fulanin da ke ruga kusa da mu suna zuwa. Tun 1989 aka kafa hukumar ilmin makiyaya dominsu, amma in ba a bi sawu ba sai a manta da su.

Ga lissafi. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce a firamare malami ɗaya ya riƙe yara 35. A ce makarantarmu tana da yara 240, malamai 3. Kowane malami yana da yara 80 ke nan. In aka raba 240 gida-gida na 35, za a ga malamai 7 ake bukata. Ashe akwai giɓin malamai 4. Wanda ya je ofishin ilmi na ƙaramar hukuma da wannan lissafi a rubuce ya fi wanda ya je ya ce, "Malamanmu sun yi kaɗan." Na farko ya kawo hujja, na biyu ya kawo kuka.

Yanzu sai babbar magana. Zuwa makaranta dabam, iya karatu dabam. Akwai wata jarrabawa mai sauƙi da ake yi wa yara: a ba yaro ɗan gajeren labari da Hausa, a ce ya karanta na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai. A 2011 an yi ta ga yaran aji 3 a jihohin Bauchi da Sakkwato. Fiye da rabinsu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Yara ne fa da suka shekara biyu, suna cikin ta uku, suna tafiya da safe suna dawowa da azahar! Ba mu faɗi wannan don mu kushe maƙwabta ba. Su an gwada nasu an gani. Mu fa, mun gwada namu?

Dalilin da abin yake ɓoyuwa shi ne hadda. Malami ya rubuta a allo, ya faɗa, yara su amsa gaba ɗaya da ƙarfi. Mai wucewa ta bayan taga sai ya ce karatu ya kankama. Mun taɓa shiga wani aji, yara suka rera mana shafi guda ba tuntuɓe. Da muka sa yatsa a kan kalmar ƙarshe muka ce wa wani yaro, "Wannan fa?" sai ya yi shiru, ya dubi na kusa da shi. Yaron ba daƙiƙi ba ne. Kunnensa ya koya, idonsa ne bai koya ba. Mu da muka zauna a wannan aji da furfurarmu mun san yadda abin yake, don mu ma a watan farko haka muka yi ta yi.

Saboda haka kowa ya gwada ɗansa a gida. Bayan sallar magariba, ka rubuta kalmomi 10 a takarda, waɗanda ba na littafinsa ba, kamar su rago, tulu, gero, fartanya. Ka nuna masa su ba bi da bi ba. Kada ka yi tsawa, kada ka ɗauki bulala. Yaron da ke tsoro ko abin da ya sani ma yakan ɓace masa. In ɗan aji 3 ya kasa, ka je wurin malaminsa ku yi shawara tun da wuri, kada a jira sai aji 6.

Sauran maganar kuɗi. Mutane sukan ce makarantar gwamnati kyauta ce. Gaskiya ne ba a karɓar kuɗin makaranta, amma ba abin da ke tafiya ba kuɗi. Albashin malaman firamare yana fitowa daga kason ƙananan hukumomi, hukumar ilmin firamare ta jiha, wadda ake kira SUBEB, ita ke lura da su. Dokar 2004 ta ce a riƙa ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko. Amma kuɗin gini ba ya fitowa sai jiha ta ajiye nata daidai da shi. In jiha ta yi jinkiri, kuɗin yana kwance a Abuja, rufin ajinmu yana yoyo. Dokar nan kuma ta hau kanmu mu ma, don ta ce uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta a fara yi masa gargaɗi, in ya sake a ci shi tara ko a ɗaure shi.

An yi kuma shirin ciyar da yara na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara a 2016, ana ba da naira 70 a kan kowane yaro daga aji 1 zuwa 3. A ce yaran 120 ne, naira 8,400 ke nan a rana. Irin wannan lissafi ne ke nuna ko abin da aka dafa ya yi daidai da abin da aka karɓa. A 2019 gwamnatin Kano ta ce ilmin firamare da sakandare kyauta ne kuma dole, a 2024 kuma ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Duk da haka, alli da tsintsiya da randar ruwa da gyaran ƙyaure sukan faɗo kan mutanen gari. In an yi karo-karo, a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, a karanta a gaban jama'a. Ran da aka daina karantawa, ran nan mutane za su daina bayarwa.

Aikin wannan mako: mutum biyu daga ajin nan, namiji ɗaya, mace ɗaya daga ajin mata, su je makaranta ran Litinin. Su rubuto mana yawan yara maza da mata na aji 1 da na aji 6, da yawan malamai, da yawan ɗakunan da ke da rufi. Sauranmu kowa ya zo da takardar kalmomi 10, ya sa alama a kan waɗanda ɗansa ya karanta.