Saƙar Bargon Jariri

Ran suna mata su kan taru da kayan barka. Wannan ta kawo sabulu, waccan turmin atamfa, wata kuwa kuɗi a ƙulle a bakin zane. Duk suna da kyau. Amma akwai kyautar da mace za ta iya yi da hannunta, ta kuwa fi sabulu daɗewa, watau bargon jariri na saƙa, wanda a kasuwa a ke ce wa shawul. Shi za mu koya cikin darasin nan.

Jariri sabon haihuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba. Fatarsa ba kauri, kitsensa kaɗan ne, kansa kuwa babba ne bisa ga jikinsa, ta nan ɗumi mai yawa ya kan fita. A Kano, cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba ya kan sauko ƙasa da digiri 15, a Jos ma ya fi haka tsanani. Babba sai ya ja gwado ya ƙudundune. Jariri kuwa, balle bakwaini, sanyin nan na iya raunana shi har ya kasa kama nono. Gwado da luru na masaƙanmu sun yi masa nauyi. Abin da ya ke so shi ne mayafi marar nauyi, mai laushi, mai ɗumi.

To, mu tafi kasuwa. Kowane zaren saƙa a can sunansa ulu, amma ba duka ne gashin tumaki ba. Yawancinsa na roba ne, a masana'anta a ke yinsa. Ga yadda za mu gane. Mu yanki ɗan guntu, mu fita tsakar gida, mu riƙe shi da awartaki, mu ƙyasta masa ashana. In ya yi ƙaurin gashi, ya bar baƙin abu mai murmushewa, ulu ne na gaske. In ya yi ƙaurin takarda, auduga ce. In ya narke ya dunƙule ya yi tauri, na roba ne. Na roba ya fi araha, ya fi sauƙin wanki, ba mu hana shi ba. Sai dai wadda ta saye shi ta san cewa in ya gamu da garwashi narkewa ya ke yi, ya manne a fata. Ɗakin mai jego kuwa da hunturu ba ya rabuwa da kaskon wuta.

Bargo ɗaya zai ci zare giram 400 zuwa 500. A saye shi duka rana ɗaya, gama rini ya kan bambanta. Curin da a ka ƙaro bayan wata guda, ko da sunan launinsu ɗaya, sai a ga ya fita daban a tsakiyar saƙa.

Da tsinkaye biyu dogaye a ke saƙar nan, waɗanda mata ke kira kibiya. Kowane madaukin zare da ke kan kibiya za mu kira shi ido, kamar idon raga. In an saƙa idanun duka daga wannan gefe zuwa wancan, an yi layi ɗaya.

Kada a fara bargo kai tsaye. A fara ɗora ido 20, a saƙa ɗan ƙyalle, a shimfiɗa shi, a auna. Hannun kowace mace daban ne, wata ta kan matse, wata ta kan sassauta. In ido 20 ya ba da inci 4, to kowane inci ido 5 ke nan. Bargon da mu ke so faɗinsa inci 30 ne, tsawonsa inci 36, watau yadi ɗaya. 30 sau 5 ya ba mu 150. Ido 150 za a ɗora.

Mu dai mun fi son saƙa mafi sauƙi, wadda a ke yin kowane layi iri ɗaya, zuwa da dawowa. Tana da kauri, fuskarta biyu ɗaya ce, bakinta ba ya nannaɗewa. A irin wannan saƙa layi kamar 10 ke ba da inci ɗaya, saboda haka yadi ɗaya layi 360 ne. Mace mai daka da girki da ɗiban ruwa, in ta samu layi 10 a yini ta yi ƙoƙari. Kwana 36 ke nan. Wadda ta jira sai ta ji guɗar haihuwa, kwana bakwai kaɗai gare ta kafin suna, sai ta yi layi fiye da 50 kowace rana. Ba zai yiwu ba. A fara tun ciki na wata bakwai. In ciki na fari ne, ana jin kunyar zancensa, ba sai an faɗi ko na wane ne ba.

In kwanaki sun ƙure, ko kibiya ta kasa ɗaukar ido 150, sai a haɗa hannu. A saƙa ƙananan ƙyallaye masu inci 6 kowane gefe, guda 30. Mata shida, kowace biyar. A yanko kwali ɗaya na awo, kowace ta gwada nata a kansa, sa'an nan a jera biyar a faɗi, shida a tsawo, a ɗinke.

Yanzu ga inda mu ke so a natsu, watau gamawa. Sau da yawa saƙa ta kan yi kyau, a ɓata ta a rana ta ƙarshe don gaggawa. In tsawo ya cika, a rufe idanun da sassauci. A saƙa ido biyu, a ɗaga na fari a tsallakar da shi bisa na biyu, a saƙa wani, a sake tsallakarwa, har ƙarshe. In an matse, bakin zai tsuke, bargo ya karkace.

Duk inda curi ya ƙare a ka sa sabo, akwai bakin zare biyu na lilo. Kada a ƙulla su a yanke gab da ƙulli, wanki biyu zai kwance shi. Tun wajen saƙa a riƙa canja curi a gefe, a bar zare kamar taƙi ɗaya. Bayan an gama a zura shi a babbar allura, a bi da shi cikin saƙa inci biyu, a juyo da shi baya, sa'an nan a yanke. Wannan ba don kyau kaɗai ba ne. Zaren da ya saki ya kan naɗe yatsan jariri na hannu ko na ƙafa, ya tare jini, yatsa ya kumbura, yaro ya yi ta kuka ba a san dalili ba. Saboda haka ma ba ma son geza, ko maɓalli, ko duwatsun ado a bargon jariri. Abin da ya tsinke, baki zai kai shi. A ɗaga bargon a rana a duba. In akwai ramin da ɗan yatsanmu zai shige, a ɗinke shi.

A wanke shi kafin a kai, da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi. Ruwan zafi na tsuke ulu na gaske. Kada a murɗe shi, kada a rataye shi a igiya, zai miƙe. A matse shi cikin tawul, a shimfiɗa bisa tabarma a inuwa. Mun san mata da son turaren wuta, amma wannan kada a ɗora shi bisa kasko.

Ran da a ka kai wa mai jego, a gaya mata yadda za ta yi da shi. Yaro ya kwanta rigingine, bargo ya tsaya a ƙirjinsa, ƙarƙashin hammata, fuska a buɗe. Ta riƙa taɓa ƙeyarsa, in ta ji gumi ta yaye. In bazara ta shigo ta ninke ta ajiye. Bakwaini kuwa, ta sa shi a ƙirjinta, fata da fata, da hula a kansa, ta rufa bargon a bayansa.

Mako mai zuwa kowace ta zo da kibiya biyu da ɗan ƙyallenta na ido 20. Za mu auna su ɗaya ɗaya, kowace ta lissafa yawan idon da nata bargon zai ci.