Darasin Noma: Shuka Kayan Miya a Tukwane da Buhuna

Da zarar damina ta ɗauke a ƙarshen Satumba, ɗanyen ganye sai ya fara wuya a ƙauyukan Babura. Mutanen da suke kusa da fadama ko dam ɗin Kazaure suna da sauƙi, domin akwai lambuna a wajensu. Amma ƙauyuka da yawa a kan tudu suke. Ƙasarsu yashi ce, rijiyoyinsu kuma masu zurfi ne. A irin waɗannan wurare, miyar kuka da busasshiyar kuɓewa ake sha har ruwa ya sake sauka. Yara da mata masu ciki da masu shayarwa su ne suka fi cutuwa da rashin ɗanyen ganye.

Akwai dabarar da za ta rage wannan matsala. Ita ce shuka rama, yakuwa, alayyahu, barkono da tumatir a cikin tukwane, bokitai ko buhuna a tsakar gida. Ba a bukatar gona. Ba a bukatar injin ban-ruwa. Jarkar ruwa ɗaya mai lita 25 takan ishi tukwane goma a yini lokacin hunturu. Amma aikin yana da ƙa'ida. Abubuwa biyu ne suke kashe shukar tukunya: rashin iya ban-ruwa, da cuta. Sau da yawa ma na farkon ne yake jawo na biyun.

Mazubi da ƙasa

Kowane tsohon mazubi yana iya yin amfani. Randar da ta tsage, bokitin da ya huje, jarkar da aka yanke kanta, ko buhun taki mai kilo 50 da aka naɗe bakinsa. Tumatir da barkono suna son mazubi mai zurfi, wanda zai ci kamar lita 20 na ƙasa, kuma tushe ɗaya ake sa wa kowane mazubi. Alayyahu da yakuwa ba su damu da zurfi sosai ba. Kada a yi amfani da mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a ciki, ko da an wanke shi.

Dole ne a huda gindin mazubin wuri biyar ko shida. Mazubin da ba shi da huji kabarin shuka ne. Bayan an huda, sai a ɗora shi a kan duwatsu ko fasasshen bulo. Wannan yana barin ruwa ya tsiyaye, yana kuma hana gara da tsutsar ƙasa hawowa ciki.

Tukunyar ƙasa ta fi bokitin roba, musamman baƙin bokiti. Tukunya tana gumi, gumin nan kuma yana sanyaya saiwa kamar yadda randa take sanyaya ruwan sha. Baƙar roba kuwa tana ɗaukar zafin rana har saiwoyin da suke jikinta su ƙone. Wanda ba shi da komai sai roba, sai ya naɗe ta da tsohon buhun algarara ko ya jera mata kara.

Ƙasar jigawa ita kaɗai ba ta riƙe ruwa. Ana zubawa yake wucewa. Saboda haka ana haɗa kashi biyu na ƙasar gona da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Ƙasar gindin gawo ta fi kyau, domin ganyen gawo da kashin dabbobin da suke kwanciya a inuwarsa sun gyara ta. Idan yashin ya yi yawa, a daka ƙasar suri kaɗan a zuba, tana taimakawa wajen riƙe laima. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona tsiro. Takin da ya ruɓe baƙi ne, ba ya wari, ba ya zafi idan an cusa hannu a cikinsa.

Ban-ruwa

Nan ne yawancin masu shuka suke kuskure. Uwargida takan ga ganye ya yi yaushi da tsakar rana, sai ta ɗauko buta ta ƙara ruwa. Gobe ma haka. Bayan kwana goma sai shukar ta yi rawaya ta mutu, a ce ai ƙasar ce ba ta da kyau. Alhali ruwa ne ya yi mata yawa. Saiwa tana numfashi. Idan ƙasa ta jiƙe sharkaf dare da rana, iska ba ta shiga, sai saiwar ta ruɓe. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, don haka ganyen yake ƙara yaushi, mai shuka kuma yake ƙara zuba ruwa.

Gwajin yana da sauƙi. A cusa ɗan yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Idan an ji sanyi da danshi, a bar ta. Idan an ji bushewa, a ba ta ruwa. Yaushin tsakar rana ba kullum ne yake nufin ƙishirwa ba. Shuka takan sunkuyar da ganye don kare kanta daga zafi, da yamma kuma ta miƙe. Yaushin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne na sassafe. Idan gari ya waye ganye yana langaɓe, kuma ƙasar a jiƙe take, to matsalar tana cikin saiwa.

Idan za a ba da ruwa, a ba da shi sosai, a hankali, har ya fara ɗiga ta ƙasan mazubin. Yayyafi kaɗan-kaɗan a sama ba ya kaiwa ƙasa, sai saiwoyi su tsaya a sama inda rana take gasa su. A zuba ruwan a gindin shuka, kada a jiƙa ganye. Sassafe ne lokacin da ya fi dacewa.

Bukatar ruwa tana canzawa da lokaci. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tumatirin da ya girma yakan sha lita ɗaya zuwa biyu a yini. Iskar hunturu tana busar da ƙasa da sauri ko da ana sanyi, saboda haka a ajiye tukwanen a jikin katanga ko danga da za ta tare iskar gabas da arewa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. A lokacin sai an ba da ruwa safe da yamma, a kuma matsar da tukwanen inda za su sami ranar safe da inuwar la'asar. Furen tumatir yakan zube a irin wannan zafi, don haka gara a dasa shi tun Oktoba ko Nuwamba. Da damina kuwa aikin shi ne a tabbatar hujin bai toshe ba.

A rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu biyu, amma kada rufin ya taɓa karan shukar. Wannan kaɗai yana rage yawan ruwan da ake zubawa.

Akwai wata tsohuwar dabara da manoman ƙasar Sin da na Arewacin Afirka suka daɗe suna yi. Ana binne ƙaramin tulun ƙasa a tsakiyar buhu, a bar bakinsa a waje, a cika shi da ruwa a rufe. Ruwan yana tsatsafowa ta jikin tulun gwargwadon bushewar ƙasar. Ana shuka alayyahu ko yakuwa a kewayensa. Tulun da aka shafa wa fenti ko siminti ba zai yi ba. Maginan tukwane na karkara za su iya gina irin wannan a kan kuɗi kaɗan.

Ruwan alwala da ruwan wanke shinkafa suna da kyau ga shuka, bai kamata a zubar da su a banza ba. Ruwan wanki mai garin sabulu da ruwan kanwa kuwa suna lalata ƙasa. Idan aka ga farin gishiri ya fito a saman ƙasar, a kankare shi, a kwarara ruwa mai kyau da yawa ya wanke sauran.

Cututtuka

Ta farko ita ce ruɓewar tsiro. Iri yakan fito lafiya, bayan 'yan kwanaki sai karansa ya siranta daidai bakin ƙasa, ya faɗi. Ƙwayoyin cutar suna cikin ƙasa, yawan laima da cunkoso ne suke ba su ƙarfi. Maganinta shi ne a rage ruwa, a kuma tsinke tsiron da ya yi yawa don iska ta ratsa.

Ta biyu ita ce tsutsar saiwa. Ido ba ya ganinta. Tana son ƙasa mai yashi, irin ta Babura da Gwiwa. Shukar da ta kamu ba ta girma, tana rawaya, tana yaushi ko da ruwa. Idan aka tuge ta, za a ga saiwoyin sun yi ƙululai kamar carbi. Rama, tumatir da kuɓewa sun fi kamuwa. Yakuwa ta fi su juriya. A nan ne mai tukunya ya fi mai lambu sa'a, domin yana iya tsabtace ƙasarsa kafin shuka. A jiƙa ƙasar, a baza ta a kan daɓe, a rufe da farar leda mai haske, a danne gefuna, a bar ta a ranar bazara mako huɗu zuwa shida. Zafin yana kashe tsutsar da yawancin ƙwayoyin cuta. Wanda yake sauri yana iya turara jiƙaƙƙiyar ƙasar a cikin rabin duro a kan wuta, ya bar ta ta huce kafin ya zuba a mazubi.

Ta uku ita ce nannaɗewar ganyen tumatir da barkono. Ganye yakan ƙanƙance, ya lanƙwashe sama, gefensa ya yi rawaya. Farin ƙuda ne yake yaɗa ta, wani ɗan mitsitsin ƙwaro da yake ɓuya a bayan ganye. Idan aka girgiza shukar sai ya tashi kamar ƙura. Shukar da ta riga ta kamu ba ta warkewa. Babu feshin da zai dawo da ita, duk abin da mai sayar da magani zai faɗa. A tuge ta a ƙone, a ceci sauran.

Sai tsutsar nan da manoma suke kira sharon, wadda masana suke kira Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ta shiga ƙasar Sifen a 2006, daga nan ta bazu zuwa Afirka. A 2016 ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Tana shiga tsakiyar ganye ta ci, ta bar fili fari kamar takarda, ta kuma huda 'ya'yan. Mai tukwane goma yana iya duba ganyensa kowace safiya, ya tsinke wanda ya kamu ya jefa a wuta. Mai eka biyar ba zai iya haka ba.

Akwai kuma baƙin tabo da yake fitowa a gindin ɗan tumatir. Wannan ba ƙwaro ba ne, kuma feshi ba ya maganinsa. Ban-ruwa ne mara tsari, yau ƙasa ƙamas, gobe sharkaf. Idan aka daidaita ruwan, 'ya'yan da za su biyo baya sukan fito lafiya.

Don korar farin ƙuda da darɓa, 'ya'yan darbejiya sun wadatar. A ɓare busassun 'ya'yan, a daka ƙwayar rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a narka ɗan guntun sabulun sanda a ciki. A fesa da yamma, a bayan ganye, sau ɗaya a mako. Maganin ƙwari na kanti bai dace da tsakar gida ba, inda yara suke wasa, kaji suke kiwo, ganyen kuma yau aka tsinka yau za a dafa. Wanda cuta ta gagare shi ya kai ganyen ko saiwar wurin malamin gona na hukumar JARDA ya duba.

Ganyen rama da ganyen wiwi

Ganyen wata irin rama yana rabuwa yatsu biyar ko bakwai, har wanda bai sani ba yakan ɗauka wiwi ce. Masana ma saboda wannan kamanni suka sa mata suna Hibiscus cannabinus. Amma ba danginsu ɗaya ba. Rama 'yar'uwar yakuwa da kuɓewa ce. Yatsun ganyenta a haɗe suke daga gindi, ganyen yana da tsami, karanta yana da ƙananan ƙayoyi, furenta babba ne mai ruwan ɗorawa da jan tsakiya. Yatsun ganyen wiwi kuwa kowanne daban yake, kuma tana da wari mai ƙarfi.

Ya kamata magidanta su san bambancin, domin wani yaro yakan ɓoye wiwi a tsakanin tukwane ya ce rama ce. Shuka wiwi babban laifi ne a Nijeriya, ko a gona ko a tukunya. Tun 1966 aka kafa dokar da ta haramta noman ta. A 1989 kuma aka kafa hukumar NDLEA, wadda dokarta ta tanadi ɗauri mai tsawo ga wanda aka kama yana nomawa. Mai gidan da aka samu shukar a gidansa shi za a fara tambaya.

Girbi da sake shuka

Alayyahu yakan isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Kada a tuge shi, a yanka sama a bar kututturen, zai sake toho. Ramar da aka shuka a hunturu takan yi saurin fure saboda gajartar yini. A riƙa tsinke kanta don ta yi rassa da ganye. Kowane mako biyu a ƙara ruɓaɓɓen taki cikin tafin hannu a saman ƙasar, domin ban-ruwa yana wanke abincin da ke cikin tukunya.

Idan an gama girbin tumatir, kada a sake sa tumatir, barkono ko gauta a wannan ƙasar, domin cututtukansu ɗaya ne. A juye ƙasar, a gasa ta a ranar bazara, a wanke mazubin ya bushe. Sannan a zuba albasa ko yakuwa a zagaye na gaba. Tun kafin a fara komai kuma, a kewaye wurin da danga mai ƙarfi, domin akuya ɗaya tana cinye tukwane goma kafin a dawo daga rijiya.