Karenka na amai? Duba aman kafin ka share

In kare ya yi amai sau ɗaya ya ci gaba da kaɗa jela, ba abin tada hankali ba ne. Amma kafin ka zuba ƙasa ka kwashe, tsaya ka kalli abin da ya fito.

1. Abinci ne ya dawo? Yawanci bola ya shiga, ko ya ci mushe, ko an loda masa kitse da ƙashi, kamar yadda ake yi bayan Babbar Sallah. Babban kare, hana shi abinci awa 6 zuwa 12, ruwa kuma kaɗan-kaɗan. Daga nan sai farar shinkafa da dafaffiyar kaza, ba mai, ba yaji. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, saboda haka ragowar miyarku ba tasa ba ce.

2. Ruwan ɗorawa mai kumfa da sassafe: galibi cikin ne ya kwana babu komai. Raba abincinsa biyu, na biyun da dare.

3. Ka ga tsutsa kamar taliya? Nemi maganin tsutsa wurin likitan dabbobi. Babba duk wata uku, kwikwiyo duk sati biyu har ya kai wata uku.

4. Kwikwiyo kuwa ba a jira da shi, ba a hana shi abinci. In ya ƙi ci, ya kwanta lakwas, ga amai ga gudawar jini mai ƙarni, ka yi zaton cutar fabo. Tana zuƙe ruwan jikinsa cikin kwana biyu-uku, sai an yi masa ƙarin ruwa. Ware shi daga sauran, ka wanke wurin da bilic, don ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa. Rigakafinta ana fara shi ne daga sati 6 zuwa 8, kuma ya fi jinya araha nesa ba kusa ba.

5. Ya lashi maganin ɓera ko na feshi? Manja da madara ba sa karya guba. Ɗauki kwalin maganin ka tafi asibitin dabbobi ko da karen yana wasa, domin wani maganin ɓeran sai bayan kwanaki jini ke ɓallewa. Kada ka ba shi farasitamol ko ibufurofen ɗinka, su ma suna iya kashe shi.

6. Yana ta yunƙurin amai ba abin da ke fita, ciki ya kumbura tim? Wataƙila tumbin ne ya murɗe. Manyan karnukan gadi ya fi kamawa, kuma ba ya jiran wayewar gari.

In ba na gaggawa ba ne, washegari da safe ɗaga fatar ƙeyar karen ka saki. In ta yi jinkirin komawa, ko dasashinsa ya bushe, ko aman ya wuce kwana ɗaya, kai shi likita.