Wayata Tana Zafi Kamar Dutsen Guga

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Ajiya, Jimeta, kuma ta WhatsApp nake yawancin ciniki. Tun shigowar bazara wayata ke zafi, caji ba ya kai azahar, yanzu murfin bayanta ya fara ɗagowa. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, zafin Yola a Maris da Afrilu kan haura digiri 40, alhali kamfanin Apple ma digiri 35 ya sa a matsayin iyakar amfani da iPhone. Don haka ɗumin bai dame ni ba. Murfin nan da ya ɗago shi ne abin tsoro: batirin ne ya kumbura, kuma irinsa na iya kamawa da wuta.

Ki daina sa ta caji daga yau. Kada ki danne murfin ko ki ɗaure shi da roba, balle a huda batirin wai iska ta fita. Ki adana hirarrakin WhatsApp a Google Drive saboda lissafin masu bashi, ki cire layinki, ki kashe wayar, ki kai wa mai gyara a Babbar Kasuwar Jimeta. Ki tsaya a canza batirin a gabanki, kuma kada ki ba shi lambar sirrin buɗe wayar, tunda manhajar banki na ciki.

Bayan gyara, ki riƙa cire mata riga lokacin caji, ki ajiye ta kan siminti a inuwa, ba ƙarƙashin filo ba. Cajar araha kuwa, ki bar wa mai ita. Masu sa waya a firji su ma su bari, raɓa ke shiga ta lalata ta.