Darasi na Bakwai: Iskar da ke Kewaye da Mu da Sauran Sassan Duniya

7.1 Gabatarwa

Kalmar "iska" a Hausa tana ɗauke da ma'anoni da dama. Akwai iskar da ake shaƙa, akwai wadda ke kaɗawa ta ɗage rufin ɗaki, akwai kuma iskokin da ake dangantawa da bori. Wajibi ne malamin da zai koyar da yanayin ƙasa da Hausa ya fara tantance wadda yake nufi, in ba haka ba ɗalibansa su fita aji da ruɗani. A wannan darasi, iska na nufin mayafin da ya lulluɓe duniya. Masana sun kasa duniya sassa huɗu: na iska, na ruwa, na ƙasa da duwatsu, da na masu rai. Za a ɗauko misalai daga ƙasar Yauri.

7.2 Abin da Iska ta Ƙunsa

Mayafin iska hawa-hawa ne. Hawan farko, wanda masana ke kira turofosfiya, ya tashi daga doron ƙasa zuwa kimanin kilomita 16 a yankunanmu masu zafi, amma a ƙuryar arewa da ta kudancin duniya tsawonsa kimanin kilomita 8 ne kawai. A cikinsa ne kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin iskar duniya yake, kuma a nan ne gajimare da hadari da hazo ke aukuwa. Duk kilomita ɗaya da aka ƙara sama, zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5.

Kuskuren da aka fi ji a bakin sababbin malamai shi ne cewa iska oksijin ce zalla. Ba haka abin yake ba. A busasshiyar iska, naitirojin ne ke da kashi 78 cikin ɗari, oksijin kashi 21, agon kuwa bai cika kashi ɗaya ba. Duk da yawan naitirojin, shuka ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye, sai ƙananan halittun da ke cikin saiwar wake da gyaɗa sun sarrafa mata shi. Wannan ne sirrin da ya sa gonar da aka noma wake ke yi wa dawa kyau a shekara mai zuwa. Manomi ya san haka tun kafin a rubuta shi a littafi.

Iskar kabon kimanin kashi 0.04 ce kawai, amma ƙanƙantarta ba ta hana ta tasiri, domin tana riƙe zafin da ƙasa ke fitarwa. Kafin zamanin masana'antu ma'auninta 280 ne cikin miliyan. A shekarar 2024 ya haura 420. Tururin ruwa da ƙura su ne ba su da tsayayyen ma'auni. Da damina iskar kudu maso yamma takan taso daga tekun Atilantika cike da laima. Da hunturu kuwa, ta arewa maso gabas ce ke kwaso ƙura, galibi daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, har masunci a Yelwa ya kasa hango ɗaya gaɓar.

7.3 Ruwa, Ƙasa da Masu Rai

Sashen ruwa ya mamaye kimanin kashi 71 cikin ɗari na fuskar duniya, sai dai mafi yawansa na gishiri ne. Kogin Kwara a Yauri yakan cika sau biyu a shekara. Farin ruwa yana zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, gurɓatacce da laka, domin ruwan damina ne na kusa, irin wanda Gulbin Sakkwato ke kawowa. Baƙin ruwa kuwa yakan iso tsakiyar rani, bayan ya taso daga tsaunukan Gini ya ratsa fadamun Mali, inda lakarsa ta kwanta. Ke nan ruwan da aka yi a wata ƙasa watanni da suka wuce shi ke cika kogi alhali sama ba ko gajimare.

Sashen ƙasa shi ne ɓawon duniya: tsofaffin duwatsun Birnin Yauri da ake haƙo zinariya, da lakar fadamun Shanga da ke ba da shinkafa da albasa. Masu rai kuma, daga giwan ruwa da tarwaɗa da dorina har zuwa mutum, suna zaune ne inda sassan nan uku suka haɗu. Kifi ma da oksijin da ya narke cikin ruwa yake numfashi.

Taɓa ɗaya taɓa duka ne. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya samu ya haɗiye tsibirai da gonaki da tsohon garin Busa, aka sauya wa mutane fiye da 40,000 mazauni, cikinsu har da Gungawa masu noman albasa a tsibirai.

7.4 Aikin Yi

Ɗalibi ya tsara darasin minti 35 na aji biyar na firamare a kan farin ruwa da baƙin ruwa. Ya tanadi kwalba biyu, ɗaya da ruwan laka da aka girgiza, ɗaya da wanda ya kwana, sannan ya rubuta tambayoyi uku da za su kai yara ga gano dalilin bambancin da kansu.